Asibitin Wayoyi na Dakta Ɗanmaliki

A garin Kaikai, mai neman Ɗanmaliki ba ya tambaya. Ya tsaya kawai ya kasa kunne, inda ya ji murya ɗaya ta danne sauran, to can yake, kuma yawanci teburin Dauda mai shayi ne. Ya taɓa yin kwandasta a motar haya tsakanin Kano da Katsina, har ranar da direban ya sauke shi a Kankiya saboda ya dage sai ya koya wa direban tuƙi. Daga nan ya dawo gida da wata baƙar jaka, da tabarau mai gilashi a ido ɗaya, da kuma yaƙinin cewa babu abin da ya rage a duniya wanda bai sani ba. In ana hirar jirgin sama, saura kaɗan a taɓa ba shi ya tuƙa. In ana hirar kada, ya taɓa kama ɗaya da hannu, tausayi ne ya sa ya sake shi.

Wata ranar kasuwa cikin zafin bazara, ƙanwarsa Zuhura ta aike shi Kankiya ya karɓo wa ɗiyarta Amatullah magani, don yarinyar tana fama da ciwon sikila. Ya shiga kemis ɗin Bernice, wata mutuniyar Kudu da ta daɗe a garin har Hausa ta zauna a bakinta, kowa kuma Maman Chichi yake ce mata. Tana cikin ɗauko magani sai idonsa ya faɗa kan kwamfutarta da ke ajiye a gefe. Wani abu ne yake juyawa a fuskarta, kamar taliya da aka rina kala-kala ta cukurkuɗe.

"Maman Chichi, kwamfutarki ta kamu da tsutsar ciki," in ji shi. "Allah ya taimake ki na zo. Miƙo ta nan."

"Kada ka taɓa min ita, Malam Ɗanmaliki. Aiki take yi."

"Aikin mi? Ai ba kowa a gabanta."

Bernice ta ajiye maganin ta yi masa bayani. Ta ce masu binciken magani suna da lissafi mai tarin yawa, wanda kwamfuta ɗaya ba za ta gama ba ko da za ta tsufa a kansa. Shi ne suka gutsuttsura shi, suna raba wa duk wanda ya yarda ya ba da aron kwamfutarsa ko babbar wayarsa lokacin da ba ya amfani da ita. Kowace ta yi nata guntun ta mayar musu, su kuma su haɗa.

"Kamar gayya ce a gona," in ji ta. "Kowa ya yi kuyyarsa. Ba a biyan kowa. Ni mahaifiyata ciwon daji ne ya kashe ta, shi ya sa nake barinta a kunne."

Ɗanmaliki bai ji wannan na ƙarshen ba, don tuni kansa ya yi gaba.

"Wato waya tana haɗa magani."

"Ban ce haka ba."

"Na gane. Ni sau ɗaya ake faɗa min abu. Sa min shi a tawa."

Ya matsa mata lamba har ta sa masa manhajar a wayarsa mai fasasshen gilashi, don kawai ya ba masu sayayya wuri. Ya hau acaɓa ya nufi gida. Da ya bar Kankiya ɗan gayya ne. Da aka iso Kusada ya gaya wa ɗan acaɓan cewa shi wakilin masu bincike ne. Kafin a sauke shi a Kaikai ya zama shugaban likitocin waya na Arewa baki ɗaya, har da Maraɗi.

"Dakta?" in ji Dauda, yana sheƙa shayi daga kofi zuwa kofi. "Da safe da za ka tahi ko sunan maganin ba ka iya faɗa ba. Farar ƙwaya ka ce."

"Sirrin aiki ne. Ba a faɗin sunan magani a gaban mai shayi."

"A wace makaranta ka yi karatun?"

"Tsakanin Kankiya da nan."

"A bisa acaɓa?"

"Ni ba irinka ba ne da sai an zaunar da ni a benci."

Ya zaro wayarsa ya ɗaga sama, taliyar tana ta juyi. Masu shan shayi suka miƙo wuya.

"Kun ga wannan? Cuta ce. An kamo ta an ɗaure a ciki, wayar tana jujjuya ta tana neman inda za ta soka mata allura."

Malam Ɗalha, wani dattijo da ke zaune a ƙarshen benci, ya leƙa ya gyaɗa kai. "Ai kuwa ta yi kama da abin da ke murɗa min ciki."

"Ita ce ma," in ji Ɗanmaliki. "Turawa sun yi ta fama sun kasa, suka ce a nemo Ɗanmaliki. Na ce su kwantar da hankalinsu. In na tara wayoyin Kaikai wuri ɗaya, kafin damina ta faɗi an gama da cuta a garin nan. In magani ya yi saura mu aika wa mutanen Mawashi."

Washegari ya share zaurensa, ya rubuta ASIBITI da gawayi a saman ƙofa, ya aro farantin sola na Malam Ɗalha ya ɗora a kan rufi. Wayoyi suka fara shigowa, kowace da saƙonta. Iya Ma'u, tsohuwar da ke sayar da daddawa, ta dogaro sanda ta kawo tata.

"Ta gwiwa za ta yi min, Dakta, gwiwar hagu. Kada ta ɓata lokaci kan ta dama, wannan lafiyarta lau."

Wata mata ta aiko da tata a nemo maganin minsharin mijinta. Ba a jima ba mijin ya kawo tasa a nemo maganin mitar matarsa. Ɗanmaliki ya ajiye su nesa da juna don kada su kaure da faɗa. Da aka fara kawo ƙananan wayoyin nan masu tocila, waɗanda ko hoto ba sa nunawa, bai mayar da ko ɗaya ba. Ya ce manyan su ne likitoci, ƙananan kuma nas-nas ne, aikinsu miƙa almakashi.

Zuhura ce ta zo a ƙarshe, da wayarta ƙunshe a gefen mayafi.

"Yaya, da gaske ne wannan? Ko irin labarin kadan nan ne?"

"Ke, da ciwon ɗiyata zan yi wasa? Ajiye ta nan gaba, kusa da tawa."

Ta ajiye, ta tsaya tana kallonta na ɗan lokaci, sannan ta tafi.

Da ɗaki ya rage sai shi kaɗai, wata 'yar matsala ta taso: bai san yadda ake sa manhajar a waya ba. Ya ɗauki ɗaya ya latsa nan ya latsa can, rubutunta ya koma Sinanci. Ya ɗauki wata, ta aika hoton hancinsa ga duk mutanen da ke cikinta. Sai ya yi tunani ya samo dabara. Ai ɗan maraƙi ma da tsohon sa ake haɗa shi ya koyi huɗa. Ya ajiye wayarsa a tsakiyar tabarma, ya jera sauran kewaye da ita, kowace hancinta na taɓa ta, don su gani su koya. Ya jona su duka da wayoyin caji da suka cakuɗe kamar saƙar gizo.

Da hantsi ya ɗaga rana ta yi zafi, zauren ya zama tanda. Wayoyin suka yi zafi har ba sa taɓuwa. Ɗanmaliki ya gaya wa masu leƙe ta taga cewa magani ne yake dahuwa, amma shi ma ya tsorata da ya ji ƙauri. Ya ɗebo jiƙaƙƙen yashi daga gindin randa ya tara a tsakar zaure, ya tutturbuɗa su ciki, ya bar kawunansu a waje kamar dashen rogo.

Daga nan suka fara ƙara. Wannan tana wa'azi, wannan tana kiɗan kalangu, wata tana kukan jariri. Ya zaro ɗaya ya kara a kunne.

"Asibitin Dakta Ɗanmaliki. Wa ke magana?"

"Abdullatif ne, ɗan Malam Ɗalha, daga Kano. Asibiti kuma? Ina Baba?"

"Ba za ka ƙara samunsa ta nan ba. Matsalar ciki ce aka kawo. Mun yi iya ƙoƙarinmu, zafi ya yi yawa, dole muka sa a ƙasa."

"Innalillahi! An sa a ƙasa?"

"Tun hantsi. Ni da hannuna na tura yashin."

Wayar ta ɗauke kafin a ƙara wata magana. Ɗanmaliki ya mayar da ita raminta, yana yaba wa yaran zamani da suke damuwa da kayan iyayensu haka.

Da la'asar sai ga bas cike da mutane daga Kano, a bayanta kuma wata a-kori-kura ɗauke da dangin Mawashi. Mata suka sauko da kuka suka doshi ƙofar gidan Malam Ɗalha, suka tarar da shi zaune a inuwar darbejiya yana shan fura da ludayi. Wata ta yar da buhun gero ta zura da gudu. Wata ta faɗa cikin kwata. Abdullatif ya tsaya yana kallon mahaifinsa.

"Lafiya?" in ji Malam Ɗalha. "Wa ya rasu?"

"Kai, Baba."

"Ni? Yaushe?"

"Tun hantsi."

"Shi ne ba wanda ya faɗa min?"

Kafin a gama warware zancen Ɗanmaliki ya iso da tabaransa. Ya dubi taron, ya dubi dattijon, ya buɗe hannuwa.

"Jama'a, kun gani da idonku. Da hantsi an ce ya rasu. Yanzu ga shi yana shan fura. Kuma fa wayarsa ba ta gama aiki ba tukuna."

Baƙin suka koma da wannan labari, tuwon zaman makokin kuma Ɗanmaliki ya ci kaso mafi tsoka. Da gari ya waye har daga Mawashi ake kawo waya.

Iya Ma'u ce ta fara gajiya da jira. Ta zo ta tsaya a ƙofar zaure.

"Dakta, maganin nan bai nuna ba har yanzu?"

Ya zaro wayarta ya taɓa da bayan hannu kamar mai gwada zazzaɓi. "Ya nuna, Iya. Yana ciki cike fal."

"To ta ina ake fiddo shi?"

Wannan tambaya ba ta taɓa zo masa a rai ba. "Kowa da yadda jikinsa ke karɓa," in ji shi, ya juya kamar ana kiransa a ciki.

Iya Ma'u dai ta san yadda ake fiddo magani daga saiwa da sassaƙe. Ta je gida ta tsoma wayar a ƙwaryar ruwa, ta bari ta jiƙa sosai, ta sha, ta shafa sauran a gwiwa. Ta fito tana gaya wa maƙwabta cewa ta ji dama-dama, sai dai akwai ɗan ɗaci. Nan da nan mutane suka yi layi suna karɓar wayoyinsu. Wani ya jiƙa tasa a kunu, wani a fura. Mai minshari matarsa ta dafa masa tata a cikin miyar kuka, ya tsinci madannin lamba biyar a haƙorinsa.

Sai aka zo kunna wayoyi, ba wadda ta motsa.

Suka cika ƙofar zauren, kowa da gawar wayarsa tana ɗigar ruwa. Ɗanmaliki ya hau kan turmi don a gan shi.

"Ku kwantar da hankalinku! Ba mutuwa suka yi ba, gajiya ce. Turawa ne suka tsotse abin da ke ciki ta iska, don su haɗa da nasu."

Dauda mai shayi, wanda bai ba da wayarsa ba tun farko, ya matso.

"Suka tsotse?"

"Ƙwarai."

"Ta iska?"

"Ai na faɗa."

"To in suna iya tsotse magani ta iska, mi kuma suka tsotsa? Hotunan matanmu na ciki. Muryoyinmu na ciki. Kai, ni tun jiya nake ganin Malam Ɗalha ya ɗashe."

Kowa ya juya ya dubi Malam Ɗalha. Malam Ɗalha ya dubi tafin hannunsa, ya ce lallai shi ma yana jin jiri.

Magana ta tashi kamar wutar kara. A Kaikai an ce wayoyi suna tsotsar hotuna. A Kusada an ce jini. Kafin ta isa Kankiya an ce kwamfutar Maman Chichi ce uwar tsotsar, taliyar nan da ke juyawa kuma hanjin wani mutumin Kaikai ne. Mutanen da suka shekara suna sayen magani a wurinta suka koma tsallaka titi idan sun zo ƙofar kemis ɗin, wasu har suna naɗe wayoyinsu a leda. Masu hawan jini suka bar karɓar ƙwayoyinsu. Surukar Zuhura ta rantse ba za a ƙara ba Amatullah komai daga wannan shago ba, ga shi kuwa maganin da ke gida ya kusa ƙarewa.

Mai unguwa ya aika aka kira Ɗanmaliki.

"Ranka shi daɗe, hassada ce kawai," in ji Ɗanmaliki. "Amma tunda an ƙure ni, ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, Babban Likitan Turai da kansa zai yi wa mutanen Kaikai magana ta wayata, kowa ya ji da kunnensa."

Daga nan ya wuce gidan abokinsa Babba, wanda ya taɓa yin acaɓa a Legas, kuma tun da ya dawo yake cewa Turanci ya fi Hausa sauƙi a bakinsa. Suka shirya: Babba zai ɓuya inda ba mai ganinsa, Ɗanmaliki ya kira shi, shi kuma ya yi ta zuba Turanci.

Ranar Juma'a dandalin ƙofar mai unguwa ya cika maƙil. An aro lasifikar mai tallan maganin gargajiya an rataye a reshen bishiya. Har Bernice ta zo, ba tare da an gayyace ta ba, ta sauka daga acaɓa rungume da kwamfutarta, tunda dai shagon ba kowa. Mutane suka dare mata, aka bar ta ita kaɗai a fili kamar mai ƙyanda.

Ɗanmaliki ya sha babbar riga, ya latsa waya, ya kara ta a bakin lasifika.

"Halo Kaikai!" wata murya ta fasa dandalin. "Gud aftanun! Dis is Big Dokto, Landan! Hawa yu?"

"Ya ce," in ji Ɗanmaliki, "tun da aka kafa Turai ba su taɓa ganin ƙwaƙwalwa irin tawa ba, kuma duk wanda ya zarge ni zai ga abin da zai same shi, musamman masu sayar da shayi."

"Duk a cikin hawa yu?" in ji Dauda.

"Turancin likitoci a dunƙule yake."

Mai unguwa ya ce a tambayi likitan ko gaskiya ne ana tsotsar jinin mutane. Ɗanmaliki ya yi wasu 'yan gurnani a waya. Turancin Babba ya ƙare tun a gaisuwa, don haka ya koma kan abin da ya fi sani, sunayen unguwannin Legas.

"Oshodi! Ojota! Ikeja! Obalende, Obalende!"

"Sunayen magungunan da aka gano ke nan," in ji Ɗanmaliki. "Obalende ɗin sau biyu ake sha."

Bernice ta toshe baki da hannu, kafaɗunta suna girgiza.

Sai jaki ya yi kuka. Ya fara ne daga bayan katangar gidan Malam Ɗalha, wadda ke daf da dandalin, sannan kukan nan dai ya sake fitowa ta lasifika, ya ninka ƙarfi, har tantabaru suka tashi daga bishiya.

Malam Ɗalha ya miƙe. "Wannan jakina ne."

"Haba Malam, Turai ma akwai jakuna."

"Na san muryar jakina. Yana da wata 'yar shaƙuwa a ƙarshe."

Jakin ya sake kuka, ya rufe da shaƙuwa, ta katanga da ta lasifika. Kafin Ɗanmaliki ya samo fassara, muryar matar Malam Ɗalha ta cika gari:

"Babba! Mi kake yi tsugune a turken jaki da waya a kunne? Kai, tashi, ka taka min shanyar barkono!"

Aka ji kokawa, aka ji riga ta yage, aka ji Babban Likitan Turai yana cewa da Hausa tsantsa, "Wayyo, ya cije ni!" Sai ga mutum ya tsallako katanga ya faɗo tim a gaban mai unguwa, rabin riga a jiki, barkono a gwiwa, waya har yanzu a kunne.

"Yes, yes," in ji Babba. Ya ɗaga kai ya ga jama'a. "Salamu alaikum."

Ɗanmaliki ya gyara tabarau. "Jama'a, kun ga saurin jirgin Turawa?"

Dandali ya fashe. Wasu suna dariya har da faɗuwa, wasu suna neman dutse. Iya Ma'u ta manta da gwiwar hagu, ta bi Ɗanmaliki da sanda suka kewaya bishiya, yana gudu yana cewa, "Kun ga ta warke! Kun ga ta warke!" Da ƙyar mai unguwa ya tsawatar aka zauna, aka zaunar da Dakta da Babban Likita a ƙasa gefe guda.

Sannan mai unguwa ya kira Bernice. Ta buɗe kwamfutar a kan tabarma. Mutane suka ja da baya, sai Dauda ya matso, hannunsa dafe da aljihun da wayarsa take.

Ta maimaita abin da ta gaya wa Ɗanmaliki tun farko. Ta ce babu magani a cikin waya, lissafi ne kawai, taliyar nan kuma zanen wani ƙanƙanin abu ne na jikin ɗan Adam da masu bincike ke nazari. Ta ce a duk wayoyin Kaikai ɗaya ce tak aka sa wa manhajar, ita ma yashi ya hana ta aiki.

"To Madam," in ji Dauda, "ta yaya za mu san ba ta kwashe hotunanmu?"

"Wannan ita ce tambayar da ya kamata a yi tun ranar farko, Malam Dauda. Ni ma na yi ta. Na karanta su wane ne ke yin aikin, na duba abin da manhajar ke neman izinin taɓawa, ban ga hoto ko murya a ciki ba, na kuma tambayi wanda ya fi ni sani. Amma ba ni na ƙera ta ba, ba zan rantse maka a kan abin da ban ƙera ba. Wanda hankalinsa bai kwanta ba ya bari, ba dole. Jini dai ba ya bin iska. In yana bi, da na huta da sayen sirinji."

Aka yi 'yar dariya. Malam Ɗalha ya sake duba tafin hannunsa, ya ce jirin ya ɗan lafa.

Zuhura ta taso daga cikin mata. Wayarta da ta karɓo daga zauren tana hannu, ba ta jiƙa ta ba, don ita jira take a ce an gama.

"Maman Chichi, to na sikila fa? Yaushe zai fito?"

Bernice ta girgiza kai. "Ba zan yi miki ƙarya ba, Zuhura. Wannan da nake yi ma ba na sikila ba ne, na ciwon daji ne. Kuma ko shi, wataƙila a shekara da shekaru ba a samu komai ba. Maganin Amatullah na yanzu yana shagona, ki aiko a karɓa, kada ki bari ya yanke."

Zuhura ta juya ta dubi yayanta. Ɗanmaliki ya sunkuyar da kai yana tsintar barkono daga rigar Babba.

Zuhura ta share ido da gefen mayafi, ta miƙa wa Bernice wayar. "Sa min shi duk da haka. A wani gidan ma akwai mai jira."

Ba kowa ya bi ta ba. Mutum biyu ko uku suka matso, sauran suka ce sai sun ga yadda ta Zuhura ta kwana. Dauda ya ce shi zai yi tunani, amma gobe zai shigo karɓar maganin mura, kuma ba zai naɗe wayarsa a leda ba.

Hukuncin mai unguwa bai yi tsawo ba. Ɗanmaliki zai kwashi matattun wayoyi ya kai wa mai gyara a Kankiya da kansa. Zai goge rubutun ƙofar zaurensa. Sannan zai bi gari lungu-lungu, har bakin hanyar Kusada, yana shela da bakinsa cewa shi ba dakta ba ne, Dauda kuma zai bi shi a baya don kada ya ƙara gishiri.

Haka aka yi. Dauda ya tasa ƙeyar Ɗanmaliki, shi kuma yana tafe yana cewa, "Jama'a, ni ba dakta ba ne!" Mata suna leƙowa ta kan katanga suna amsa masa, "Mun sani!" Ya zagaye gari muryarsa har ta dishe. Da suka kai bakin hanya Dauda ya tsaya gaisawa da wani mai keke, Ɗanmaliki ya ƙara gaba shi kaɗai, ya yi shelar ƙarshe a fili, ba kowa sai wani makiyayi da ke tahowa daga daji saɓe da tunkiya a wuya. Iska ta kwashe rabin maganar, kalma ɗaya ce ta kai kunnen mutumin. Ya ƙaraso da sauri ya sauke tunkiyar a gaban Ɗanmaliki.

"Alhamdulillahi! Kai ne daktan? Tun jiya ba ta cin ciyawa."

Ɗanmaliki ya waiga. Dauda yana can ya ba da baya, yana ta hira. Ya dubi tunkiya, tunkiya ta dube shi. Ya tsuguna a hankali, ya naɗe hannun riga, ya rage murya.

"Allah ya taimake ka ka same ni. Buɗe min bakinta."